Ta isa aure, ta isa rataya? Waiwaye kan shari'ar amaryar Gaya



A ƙarshen shekara ta 2024 wani labari ya ƙetaro iyaka daga Jahun, cikin jihar Jigawa: ƴan sanda sun kama wata amarya bisa zargin ta zuba guba cikin abincin da ango da abokansa suka ci, har mutum guda ya rasa ransa. Kafin ƴan sandan su kammala bincikensu, mu nan an riga an zauna shari'a a rumfunan kasuwa, an saurari shaidun da ba su ga komi ba, an kuma yanke hukunci. Wayar salula ta kawo labarin da safe, kafin la'asar kowa ya zama alƙali. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, maganganun da muka ji ba sababbi ba ne. Su ne dai waɗanda aka yi shekara goma kafin nan, lokacin da wata yarinya ƴar shekara 14 ta tsaya gaban babbar kotu a Gezawa, jihar Kano, ana neman a rataye ta. Tun da waccan shari'a ta kai inda za ta kai, kuma ƙura ta lafa, muna ganin ita ce ta fi dacewa mu buɗe mu duba, mu ga abin da jama'a suka faɗa da abin da suka ƙi faɗi.

Ba za mu kama sunanta ba, ko da yake jaridun duniya sun yi ta buga shi tare da hotonta. Dalilinmu zai zo a gaba.

Ga yadda abin ya faru. A shekara ta 2014, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gaya, wani magidanci ɗan shekara 35, mai mata ɗaya, ya ƙaro ta biyu. Ba a yi wata guda da ɗaurin auren ba, a farkon watan Afrilu, amarya ta yi girki, maigida ya ci tare da waɗansu mutane. Shi da mutum uku suka mutu, waɗansu aka kwashe su zuwa asibiti. Ƴan sanda suka ce amaryar ta amsa da bakinta cewa ita ta zuba maganin ɓera, wato maganin kusu kamar yadda muke cewa nan, domin an aura mata wanda ba ta so. Mahaifinta ya musanta, ya ce babu wanda ya tilasta mata. Masu shigar da ƙara na jihar Kano suka tuhume ta da kisan kai, laifin da hukuncinsa kisa ne. Lauyoyinta, daga ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suka nemi a maida maganar kotun yara, alƙali bai amince ba. A watan Nuwamba na shekarar aka saurari shaidu. Cikinsu har da wata yarinya ƴar shekara 7, wadda ta gaya wa kotu cewa amaryar ta ba ta naira 80 ta aike ta sayen maganin. Naira 80 a canjin wancan lokaci wajen dala hamsin ke nan na kuɗinmu. Dala hamsin, rai huɗu.

Sannan sai ga abin da mutane da yawa suka manta. Ba a taɓa yanke hukunci ba. A tsakiyar 2015 babban lauyan gwamnatin jihar ya yi amfani da ikon da doka ta ba shi, ya janye ƙarar, kotu ta sallami yarinyar a watan Yuni. Kotu ba ta ce ta yi ba, ba ta kuma ce ba ta yi ba. An dai rufe kundi.

To, me jama'a suka ce?

Kashi na farko su ne masu cewa rai da rai. Waɗannan ba azzalumai ba ne, kada mu yi musu ƙazafi. Hujjarsu mai nauyi ce: mutum huɗu suna kwance cikin kabari, uku daga cikinsu ba su aure ta ba, ba su karɓi sadakinta ba, ba su tilasta mata komi ba. An kira su ci abinci ne suka sa hannu, kamar yadda kowannenmu zai yi a gidan maƙwabci.  Kuma in har abin da shaidu suka faɗa gaskiya ne, ba faɗa aka yi ba hannu ya kuɓuce. An ƙirga kuɗi, an aiki yarinya, an dafa, an zuba. Wanda ya iya shirya wannan, in ji su, ya san abin da yake yi. Sun ƙara da cewa in aka sake ta, an koya wa duk amaryar da ranta ya ɓaci hanya.

Kashi na biyu su ne masu cewa yarinya ce. A nan ƙungiyoyin kare haƙƙin mata na Najeriya da na ƙasashen waje suka tsaya, suka yi ta rubuta takardun koke ga magabatan Kano. Lokacin ma ya taimake su, domin cikin wannan watan na Afrilu 2014 ne aka sace ƴan matan makarantar Chibok, idon duniya duka yana kan ɗiya mata na arewacin Najeriya. A wurinsu, ranar da aka ɗaura mata aure aka fara laifi, ba ranar da aka ci abinci ba. Suka kuma nuna wani abu da ya kamata duk ɗan kasuwa ya riƙe: takardar amsa laifin da aka kawo kotu da Turanci aka rubuta ta, yarinyar kuwa ba ta karatu, dangwale ta yi. Ku da kuke sa hannu a takardun bashi da na dwan, kun san abin da ake nufi da mutum ya dangwala yatsa kan abin da bai iya karantawa ba.

Amma mu kashi na ukun ne ya fi damunmu, domin shi ne namu, shi ne ya fi yawa a kasuwanninmu, kuma ba ya shiga jarida. Su ne masu faɗin maganar biyu duka, gwargwadon wanda suke zance da shi. Da safe, in hajiya mai atamfa tana hira da maƙwabciyar rumfarta, sai ta ce Allah sarki, ƴar ƙanƙanuwa, me ta sani. Da marece a gida, in ɗiyarta ƴar shekara 14 ta ce ba ta son alhajin da aka yi mata zancensa, sai ta ce ke yanzu mace ce, ba yarinya ba. Yarinyar mutane yarinya ce, tamu kuwa ta girma. Maza ma haka: wanda ya fi kowa ɗaga murya cewa mai shekara 14 ta isa riƙon gida, in aka ce masa to ta isa a rataye ta ke nan, sai ya yi shiru ya gyara hula.

Nan ne ƙullin yake, kuma shari'ar Gezawa ta fito da shi fili. Ba za a iya cewa mutum ɗaya babba ne ranar ɗaurin aure, yaro ne ranar shari'a ba. Masu neman kisa, a ƙalla, ba su yi baki biyu ba: sun ce ta girma a duka wuraren. Ƙungiyoyin ma ba su yi baki biyu ba: sun ce yarinya ce a duka wuraren. Mu ne muke so mu ci kasuwa biyu rana ɗaya.

Najeriya kanta ta yi wannan gardama shekara guda kafin abin ya faru. A watan Yuli na 2013 majalisar dattawan ƙasar ta so ta cire wata aya daga kundin tsarin mulki, sashe na 29, wadda ke ɗaukar duk matar da ta yi aure a matsayin wadda ta kai shekarun girma. Ayar a kan batun ajiye zama ɗan ƙasa take, amma sanata Ahmed Sani Yarima, tsohon gwamnan Zamfara, ya tashi ya ce cire ta ya saɓa wa Musulunci, aka sake ƙuri'a, ayar ta zauna. Aka yi ta cacar baki makonni. Sannan dokar kare haƙƙin yara da tarayyar Najeriya ta kafa a 2003 ba ta aiki a jiha sai jihar ta karɓe ta, kuma a 2014 Kano ba ta karɓa ba; sai a 2023 ta kafa tata. Ke nan alƙalin Gezawa yana zaune ne tsakanin dokoki masu jan juna, ba wai mugunta ce ta sa ya riƙe shari'ar ba. Amma Najeriya, kamar Nijar, ta sa hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara ta 1989 da ta Afirka ta 1990, kuma duka biyun sun hana a yanke hukuncin kisa kan laifin da mutum ya aikata bai kai shekara 18 ba. Tun ranar farko, ke nan, igiyar da ake nema ba ta da wurin ratayewa.

Waɗansu za su ce wannan dokar nasara ce. To, mu koma ga malamanmu. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Damagaram da Tawa da Kano, ba a yi wa yaron da bai balaga ba ƙisasi. Abin da ya aikata da ganganci ana lissafa shi kamar kuskure, sai diyya ta hau kan danginsa. Ga mai balaga kuma, magada suna da ikon su yafe ko su karɓi diyya. Ba mu ce wannan ya warware maganar yarinyar Gaya ba, domin malamai suna duba alamun balaga, ba shekara kaɗai ba, kuma wannan fagensu ne, ba namu ba. Abin da muke nunawa shi ne, addinin da ake fakewa da shi ana kiran rataya ya ajiye ƙofa biyu: ɗaya ga ƙaramin da ya yi laifi, ɗaya ga iyalan mamaci. A cikin duk hayaniyar da aka yi a 2014, maganar diyya ce aka fi yi wa rowar baki. Masu neman kisa ba su son ta domin tana rage zafi. Ƙungiyoyi ba su son ta domin tana nufin an yarda akwai waɗanda aka cuta ban da yarinyar.

A nan muke da ƙorafi kan ƙungiyoyin, duk da cewa a ganinmu sun yi daidai da suka tsaya mata. Wanda ya bi labarin a kafofin waje zai ɗauka mutum ɗaya ne ya mutu, shi ma da laifinsa. Sauran ukun sun zama lamba. Wannan ne ya sa talakan ƙauye yake kallon irin waɗannan ƙungiyoyi da ido guda: yana ganin suna da hawaye ga wanda ya dace da zancensu kaɗai. Kuma janye ƙarar, ko da yake ya ceci ran yarinyar, bai ba kowa gaskiya ba. Iyalan mamata ba su ji alƙali ya ce ga wanda ya kashe muku ba. Yarinyar ba ta ji alƙali ya ce ba ki da laifi, ko kuwa kin yi amma ga dalilin da ya sa aka sassauta miki ba. Wanda ya ɗaura auren, da wanda ya karɓi sadaki, ba su tsaya gaban kowa ba. Gwamnati ta sauke kayan da ya yi mata nauyi ne a bakin hanya ta wuce.

Akwai shari'u biyu da suka kai ƙarshe, su ma suna da abin koyarwa. A jihar Katsina, maƙwabciyar Maraɗi, an zargi wata yarinya da cinna wa ɗakin mijinta wuta a 2006, tana da shekara 13. Aka yi ta jan maganar har ta girma, sannan a ƙarshen 2012 aka yanke mata hukuncin kisa. Kotun CEDEAO da ke Abuja ce, a watan Yuni na 2014, ta ce Najeriya ta keta haƙƙinta, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. (Wannan ƙungiya dai Nijar ta fice daga cikinta a watan Janairu na 2025.) Ku lura da dabarar da jinkiri yake yi: an kama yarinya, an yanke wa mace hukunci. A Sudan kuma, a watan Mayu na 2018, kotu a Omdurman ta yanke wa wata ƴar shekara 19 hukuncin kisa saboda ta daɓa wa mijin da aka aura mata tun tana ƙarama wuƙa, bayan dangin mijin sun ƙi karɓar diyya. Duniya ta yi caa, kotun gaba ta maida hukuncin ɗaurin shekara 5 tare da diyyar fam 337,500 na Sudan. Ko mutum ya yarda da wannan hukunci ko bai yarda ba, a ƙalla an faɗi laifi, an faɗi sassauci, an kuma ce ga haƙƙin mamaci. Gezawa ba ta kai nan ba.

Yanzu mu dawo gida, domin daga Magarya ko Matamai zuwa Kano tafiyar yini ba ta kai ba, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa a Nijar, cikin mata 100 masu shekara 20 zuwa 24, 76 an yi musu aure kafin su cika 18, 28 kuma kafin su cika 15. A jihar Maraɗi kusan tara ne cikin goma. Babu ƙasar da ta kai mu a duniya a wannan lissafi. Kundin dokokin zaman jama'a da muka gada daga Faransa ya sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji, amma yawancin aurenmu na al'ada ne, ba ya bi ta wannan kundi. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta ɗauki wata doka ta kare ɗiya mace da ke lakwal. Wadda ba ta lakwal, mai talla, wadda ke zaune bayan tiren goro ko ƙwaryar fura kusa da ku, ita dokar ba ta ambace ta ba, kuma irinta ce yarinyar Gaya.

Da a ce abin a Tasawa ko Mirya ya faru, da hanyar ta bambanta. A watan Nuwamban nan na 2014 da ake sauraren shaidu a Gezawa, ranar 20 ga wata, Nijar ta kafa sabuwar dokar kotunan yara, wadda ta maye gurbin ta 1999. A tsarinmu, yaron da bai kai shekara 13 ba, ba a hukunta shi, sai dai a ɗauki matakin kariya da tarbiyya. Daga 13 zuwa 18 alƙalin yara ne ke bincike, ana duba ko yaron ya san abin da yake yi, in an same shi da laifi hukuncinsa ɗauri ne da aka rage, ba kisa ba. Ko manya ma, tun 1976 ƙasarmu ba ta sake zartar da hukuncin kisa ba. Shari'ar yaro kuma ba a buɗe ta ga ƴan kallo. Wannan ne dalilin da ya sa muka ƙi kama sunan yarinyar. Kotu ta sake ta, amma sunan da hoton suna nan cikin intanet, duk mai son ya aure ta, ko ya ba ta aiki, ko ya ba ta hayar rumfa, zai same su. Mu ƴan rediyo da ƴan jarida muna da hannu cikin irin wannan ɗauri da ba shi da ranar fita, kuma yau duk mai waya a hannu ya zama abokin aikinmu a ciki. Kafin ka tura hoton yarinyar da ake zargi zuwa zauren WhatsApp na ƴan layinku, ka tuna kotu ba ta zauna ba tukuna.

Sai dai duk wannan kariya a kan abu ɗaya take tsaye: shekaru. Shekaru kuwa takarda ce. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, ranar da ya shiga hannun jandarma, tsawonsa da faɗin kafaɗarsa ne za su yi masa shaida, kuma ɗiya macen da aka riga aka kai ɗaki kowa zai ce ai babba ce. Bayyana haihuwa a gidan likita ko wurin magajin gari kyauta ne in an yi cikin wa'adi. In an bari ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali, da shaidu da zirga-zirga. Mun san matan da ba su taɓa makara da zubin adashe ko sau ɗaya ba, amma ɗiyansu biyar babu mai takarda.

Akwai kuma maganar da ta shafi sana'a kai tsaye, wadda a cikin duk masu sharhin 2014 ba mu ji an tsaya kanta ba. Mai shagon da ya sayar da maganin shi ma ya ba da shaida a kotu. Bai yi laifi ba a idon doka, ciniki ya yi. Amma ku zagaya kasuwar Dole, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko Katako ta Yamai, ku ga yadda ake sayar da maganin kusu da na ƙwari: ƙulli-ƙulli cikin leda, babu suna, babu gargaɗi, wani lokaci a faifai ɗaya da magi da barkono, kuma duk yaron da ya miƙo dala ashirin za a ba shi. Ba mu ce mai niyyar kisa zai rasa hanya ba. Amma zuciyar ƴar shekara 14 tana tafasa ne ta huce, kuma tsakanin tafasa da hucewa abin da ke kusa da hannu shi ke yin aiki. Shugabannin ƴan kasuwa ba su buƙatar jiran wata doka daga Yamai kafin su ce a layinsu ba a miƙa wa yaro guba, sai babba ya zo da kansa. Mai tebur zai yi asarar cinikin dala ashirin ko hamsin a rana. Mai shagon Gaya ya samu naira 80 ɗinsa, ya kuma samu sammacin kotu.